Kafa ragar atisayen golf a gida: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya koyi golf, wasan da wasu ke kira ƙwallon lambu, a Kaduna ko Kano ko Abuja, idan aiki ko iyali suka dawo da shi Birnin Kebbi ko Jega ko Argungu, ba a daɗewa hannunsa ke fara mantuwa. Raga a cikin gida ita ce maganin wannan. Mun tattaro tambayoyin da aka fi yi a kanta. Mun yi awon da ƙafa da inci, domin da su magina da masu walda ke aiki.

'Yar ƙwallon nan ce har sai an yi mata dogon shiri?

Ƙanƙantarta ce matsalar. A dokar wasa, faɗin ƙwallon golf ba ya gaza milimita 42.67, nauyinta kuma ba ya wuce giram 45.93. Ɗan wasa matsakaici idan ya buga da direba, wato sanda mafi tsawo a jaka, ƙwallon na barin sandar da gudun da ya haura kilomita 200 a awa. Ƙwararru na kaiwa wajen 270. A wannan gudu tana cin tazarar ƙafa goma kafin ƙiftawar ido, kuma duk ƙarfin yana taruwa ne a wuri ɗaya da bai fi ƙwan zabo ba. Tana fasa gilashin mota da faifan sola, tana lotsa kwanon rufi, idan ta sami mutum a ido ko a gefen kai kuwa sai asibiti.

Don haka ba don bugu mai kyau ake kafa raga ba. Bugu mai kyau tsakiyar raga yake tafiya, kowace raga za ta tare shi. Ana kafa ta ne don bugun da ya kuɓuce da kuma ƙwallon da ta bugi wani abu ta dawo.

Fili nawa nake bukata?

A waje, a nemi tsawo ƙafa 18 zuwa 20 da faɗi ƙafa 12 zuwa 14. Ga yadda tsawon ke rabuwa: ƙafa biyu tsakanin raga da katangar bayanta, ƙafa takwas daga raga zuwa inda ake ajiye ƙwallo, ƙafa bakwai ko takwas a bayan ƙwallon don juyin sanda, abin da ya rage kuma rara ce. Direba tana kai inci 45, ga kuma tsawon hannu a kai.

Kafin a haƙa komai, a tsaya a wurin da sanda mafi tsawo a juya ta a hankali, gaba da baya, a kalli sama. Reshen darbejiya, igiyar shanya, wayar lantarki da ta ratso daga janareto, bakin kwanon rufi: waɗannan ne sanda ke kamawa.

Sannan a duba abin da ke bayan katangar. Idan tsakar gidan maƙwabci ce, ko hanya, ko makarantar allo, a juya ragar ta kalli wani wajen. Mafi kyau a buga ana fuskantar dogon bangon ginin gidanka wanda ba shi da taga. Idan da zaɓi, a fuskanci arewa ko kudu. Yawancin mutane bayan la'asar suke atisaye, kuma wanda ya fuskanci yamma rana ce za ta cika masa ido.

Me ya sa ƙafa takwas? Ba gara in matsa baya don ƙwallon ta rage ƙarfi ba?

Ƙwallon ba ta rage wani ƙarfi a ƙafa ashirin. Abin da matsawa baya ke yi shi ne ƙanƙanta ragar. Ɗauki raga mai tsayi ƙafa 10 da faɗi ƙafa 10. Daga ƙafa takwas tana tare duk ƙwallon da ta tashi ƙasa da digiri 51, da wadda ta kauce gefe har digiri 32. Daga ƙafa 15, kariyar gefe ta koma digiri 18. Daga ƙafa 20, duk ƙwallon da ta tashi sama da digiri 27 ta tsallake ta sama, kuma gajerun sanduna irin su wej suna tayar da ƙwallo fiye da haka ba tare da wani kuskure ba.

Matsowa da yawa ma yana da nasa. Ƙasa da ƙafa shida, kan sanda na iya kama raga a ƙarshen bugu, kuma idan ƙwallo ta dawo babu lokacin kaucewa.

Wace irin raga zan saya? Ga ragar kamun kifi nan jibge a Yauri da Argungu.

Wannan ce tambayar da ta fi kowace yawa a Kebbi, kuma amsarta ba a'a ba ce kai-tsaye. Abu uku ake dubawa: girman ido, kaurin zare, da irin zaren.

Idon ragar golf inci uku bisa huɗu ne zuwa inci ɗaya a kowane gefe, wato milimita 19 zuwa 25. Lissafin mai sauƙi ne. Kewayen ƙwallon milimita 134 ne. Ido mai inci ɗaya a kowane gefe kewayensa wajen milimita 100 ne, ƙwallon ba ta wucewa sai zare ya tsinke. Ido mai inci ɗaya da rabi kewayensa ya haura 150, tana wucewa salin-alin. Ragar gola ta ƙwallon ƙafa kuwa ba a ma maganarta.

A nan ake samun rashin fahimta da masu sayar da kayan kamun kifi. Su suna auna ido ne bayan an ja shi ya miƙe ya rufe, daga ƙulli zuwa ƙullin da ke kallonsa. Abin da mai shago ya kira inci biyu shi ne inci ɗaya a kowane gefe. To kada ka tsaya gardamar inci. Ka tafi kasuwa da ƙwallo a aljihu, ka danna ta cikin idon da babban yatsa da ƙarfi. Idan ta kusa shigewa, bar ragar.

Zare kuma ya zama murɗaɗɗe mai kauri wajen milimita biyu. Siririn zaren roba mai sheƙi, tilo, irin na ragar da ake shimfiɗawa kifi ya maƙale, ba ya jure ko bugu goma. Zaren birgi ma ya yi siriri. Ragar da ke iya aiki ita ce mai kaurin zare irin ta taru, muddin idon ya yi daidai, kuma ko ita a ninka ta biyu a inda ƙwallo ke sauka.

Akwai wani abu da ke cin kuɗin mutane. Ragar kamun kifi idonta a karkace yake, kuma a miƙe ake auna ta wajen sayarwa. Idan aka buɗe idon aka rataya, tsawon yana komawa kusan kashi bakwai cikin goma. Wanda ke son ƙafa 12 a rataye, sai ya sayi ƙafa 17 a miƙe.

Game da irin zare: nailan ya fi ƙarfi da laushi, ya fi shanye bugu, amma yana shan ruwa kuma rana na cinsa idan ba a yi masa maganin rana daga masana'anta ba. Zaren foli, wanda ake rubuta wa HDPE, ba ya shan ruwa, kuma wanda aka yi baƙi ya fi jure rana. Ga ragar da za ta zauna a waje a Kebbi, baƙin foli muka fi ba da shawara. Nailan ya fi dacewa da gareji ko rumfa.

Gidan sauro, buhunan shinkafa da aka ɗinke, da wayar shinge duk ba su yi. Na farko biyun yagewa suke yi, wayar shinge kuma tana mayar da ƙwallo tana kuma karce ta.

Yaya ake kafa firam ɗin?

Wanda muka fi amincewa da shi keji ne mai ƙafa 10 a tsayi, faɗi da zurfi, buɗe ta gaba. Kayan aiki: bututun ƙarfe mai inci ɗaya da rabi ko biyu, kaurin jikinsa kada ya gaza milimita biyu, guda shida, siminti buhu biyu, yashi da tsakuwa, guntayen bututu huɗu masu tsawon ƙafa biyu waɗanda suka ɗan fi dirkokin faɗi, ƙananan zobba ko ƙugiyoyi wajen 40, fenti mai hana tsatsa idan bututun ba mai rufin zinki ba ne.

Mai walda ya yanka dirkoki huɗu masu ƙafa 12, da ƙarafan sama huɗu masu ƙafa 10. A auna bututun a shago, domin wani ƙafa 20 ne, wani bai kai ba. Idan gajeru ne, shida sun isa duk da haka, sai dai a haɗa guntaye a sami biyu daga ƙarafan sama. A jikin ƙarafan sama a yi waldar zobe duk bayan ƙafa ɗaya, ta ƙasa.

A shata murabba'i a ƙasa da igiya da turaku. Don tabbatar da cewa bai karkace ba, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, sau biyu. Awon biyu su zo daidai, wajen ƙafa 14 da inci biyu. A haƙa ramuka huɗu, zurfi ƙafa biyu, faɗi ƙafa ɗaya. Idan ƙasar rairayi ce mai zubewa, a ƙara faɗi zuwa ƙafa ɗaya da rabi, a ƙara buhun siminti ɗaya.

Guntayen bututun nan su ake binnewa a kankare, ba dirkokin ba. A toshe gindinsu da leda, a tsayar da su a miƙe da ma'aunin magina, a zuba kankare: buhun siminti ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. A riƙa yayyafa ruwa safe da yamma, a bar shi aƙalla kwana uku, mako guda ya fi. Sannan a zura dirkokin a ciki. Amfanin wannan shi ne ranar da za a yi biki a gidan, ko aka tashi ƙaura, ana zare ƙarafan a ajiye. Saboda haka ma ƙarafan sama a ɗaure su da noti, kada a yi musu walda da dirkoki.

Abu na ƙarshe, kuma shi aka fi mantawa: duk ƙarfen da ƙwallo za ta iya gani daga inda ake bugu a naɗe shi da soso. Soson da ake sa wa bututun na'urar sanyaya ɗaki yana yi, yankan tsohuwar katifa ma yana yi. Ƙwallon da ta bugi ƙarfe tsirara tana dawowa da mafi yawan gudunta.

Itace ko bututun roba ba za su yi ba?

Itace yana yi na ɗan lokaci, sai dai gara ba ta barin abin da aka binne a ƙasa. Idan dole ne, a shafe gindin da baƙin mai, a ɗora shi a kan kankare maimakon cikin ƙasa, a riƙa dubawa. Bututun roba na ruwa ba mu ba da shawararsa a waje. A zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, yana lanƙwashewa ƙarƙashin nauyin raga, bayan ɗan lokaci kuma rana ta busar da shi ya riƙa fashewa kamar tangaran idan ƙwallo ta same shi.

Ina da lungu tsakanin bango biyu. Sai na yi keji?

A'a. A ja wayar ƙarfe mai kauri milimita huɗu ko biyar daga bango zuwa bango a tsayin ƙafa 10, da abin ɗame waya mai murɗawa a gefe ɗaya, a rataya ragar da ƙugiyoyi kamar labule. An gama bugu sai a ja ta gefe. Wannan ya fi komai sauƙi da arha.

Inda abin ke lalacewa shi ne wurin kama bango. Bulo rami ne a cikinsa, noti mai buɗewa ba ya samun abin riƙewa, wata rana sai ya fito da ɓarin filasta. A nemi fila ko linta, inda kankare yake cike, ko a huda bangon gaba ɗaya a sa dogon noti da farantin ƙarfe ta baya. Bangon ƙasa kada a ɗaura masa waya ko kaɗan, a kafa dirka a gefensa.

Na rataya raga amma ƙwallo na dawowa kaina. Me na yi ba daidai ba?

Ka ɗame ta. Kusan kullum amsar ke nan. Ido na son ganin raga a miƙe tsaf kamar fatar kalangu, kuma mai aikin da aka kira zai ja ta iya ƙarfinsa don a ce ya iya aiki. Amma raga da sassauci take kashe ƙarfin ƙwallo: tana tafiya da ita baya ƙafa ɗaya ko biyu, nauyin ragar ya shanye gudun, ƙwallon ta zame ƙasa. Ɗamammiyar raga ba ta da inda za ta je. Ko ta harbo ƙwallon baya, ko zare biyu ukun da suka karɓi bugun su tsinke.

A yi haka. Ragar baya ta fi firam faɗi da kamar ƙafa ɗaya, ta fi shi tsawo da ƙafa ɗaya zuwa biyu, ragowar ta kwanta a ƙasa. A ɗaure ta sama sosai, gefe kuma sako-sako. Ƙasan kada a kafe shi da turaku. Idan iska na ɗaga shi, a zura sarƙa mara nauyi sosai ko igiya mai kauri a bakin, ko a ɗora 'yan buhunan yashi biyu a kusurwoyi kawai.

Wajen ɗauri, tsohon tiyub na babur da aka yanka zobba-zobba, faɗin yatsa biyu, ya fi igiya, domin yana miƙewa da bugu. Rana na cinsa cikin 'yan watanni, amma canza shi ba ya cin komai. Ragar ta rataya inci shida daga jikin ƙarfe, ta ciki.

Gwaji: tura tsakiyar ragar da hannu. Ta tafi baya ƙafa ɗaya da rabi ba tare da ta ja ba, kuma ba tare da ta taɓa bango ba. Idan tana taɓa bango, ƙwallon za ta bugi bangon ta cikin ragar ta dawo, zaren kuma yana cinyewa tsakanin ƙwallo da filasta.

Mene ne amfanin labulen da ake sawa a gaban raga?

Kusan duk bugu yana sauka ne a wuri ɗaya da bai fi faɗin tabarmar sallah ba. Labulen shi ke karɓar wannan duka, ya lalace a canza shi, babbar raga ta tsira. Ƙafa biyar a faɗi, shida ko bakwai a tsawo ya isa. A rataya shi ƙafa ɗaya gaban ragar baya, a ɗaure ta sama kaɗai. Ragowar raga mai kauri ita ta fi. Tsohon bargo mai nauyi ko siririn kafet ma suna yi, kuma ba su da ƙara. Tamfol yana tare ƙwallo, amma ƙararsa tas take, da dare tana firgita unguwa, kuma yana kama iska.

Gefe da sama dole ne a rufe?

Ga sabon ɗan wasa dole ne, ga tsohon hannu ma mun fi son haka. Akwai bugun da 'yan wasa ke kira shank, inda ƙwallo ke bugun wuyan sanda maimakon fuskarta. Tana fita a ƙasa-ƙasa, a karkace sosai, ta ɓangaren da ɗan wasan ke fuskanta: dama ga mai bugu da hannun dama, hagu ga bahago. Ba wanda ya fi ƙarfinta. Ragar gefe ta wannan ɓangaren ta zo har daidai inda ƙwallo take, ko ta ɗan wuce. Keji mai zurfin ƙafa 10 da ake ajiye ƙwallo a bakinsa ko ɗan ciki ya riga ya magance wannan.

Rufin sama kuma na ƙwallon da direba ta shiga ƙarƙashinta ne ta tashi tsaye, da na wej da fuskarta ta kwanta baya da digiri 56 ko 60. Shi ma a bar shi da ɗan ciki, amma kada ya sauko har sanda ta kama shi.

A kan me zan riƙa bugawa?

Tabarmar golf ta gaskiya, ƙafa biyar a kan biyar, mai ciyawar roba mai kauri da soso a ƙarƙashi. Kada a ajiye ta kai-tsaye a kan siminti ko intalok ba tare da wani abu mai laushi ba. Sandunan ayon, wato masu siririn kan ƙarfe, suna sauka ƙasa ne bayan sun bugi ƙwallo. A fili ƙasa na buɗewa ta ba su hanya, siminti kuwa ba ya yi, sai bugun ya koma wuyan hannu da gwiwar hannu. Ciwon ba ya zuwa rana ɗaya, bayan makonni yake bayyana. A shimfiɗa robar ƙasa irin ta ɗakin motsa jiki, mai kauri wajen rabin inci ko fiye, sannan tabarmar a kai. Idan a kan ƙasa ne, a daidaita ta a daddaɓe, a sa filawud mai inci uku bisa huɗu, a ɗaga shi bayan an gama saboda gara da danshi.

Ƙafafunka da ƙwallon su kasance a tsayi ɗaya. Wanda ya sayi 'yar ƙaramar tabarma ya tsaya a ƙasa, ƙwallon tana sama da shi da inci guda, kuma hannunsa zai koyi bugun da ba zai yi aiki a fili ba.

Ciyawar roba ta ado da ake shimfiɗawa a gaban gida ba ta yi: siririya ce, tana yagewa, tana kuma narkewa ta bar kore a gindin sanda. Bugu a kan rairayi tsirara yana goge fuskar sanda. A riƙa juya tabarmar kwata ɗaya duk bayan makonni biyu don kada wuri ɗaya ya rarake.

Zan iya yi a cikin ɗaki ko gareji?

Silin ne ke yanke hukunci. Ana bukatar ƙafa tara aƙalla, goma ta fi, musamman ga dogon mutum da direba. A auna daga abin da ya fi saukowa, fanka ko fitila ko adon silin. Fanka a cire ta ɗungurungum, kashe ta bai isa ba. Idan tsayin bai kai ba, a tsaya ga gajerun sanduna. Wanda ke tsoron silin yana gajarta bugunsa ba tare da ya sani ba, kuma wannan ɗabi'ar tana bin sa har fili.

A rufe tagogi da raga ko katifa, a shimfiɗa kafet tsakanin tabarma da raga domin ƙwallo na tsalle a kan tayil. Inda wuri ya yi ƙunci, ƙwallon soso ta fi kwanciyar hankali.

Yaya zan yi da rana, damina da hunturu?

Rana ce ke kashe raga a nan, ba ƙwallo ba. Zaren yana koɗewa, ya bushe, har ya riƙa barin gari a yatsa. Inuwa na ƙara mata kwana sosai: rumfa, gefen gini, ko a sauke ta idan za a yi makonni ba a buga ba. Tabarmar ma a juya ta ko a shigar da ita, domin da tsakar rana tana zafin da ba a taka ta.

Farkon damina, wajen Mayu da Yuni, hadari yana tasowa daga gabas da iska mai ƙarfi kafin ruwa ya sauka. Raga kaɗai iska na ratsa ta. Amma labule, bargo ko tamfol suna kama iskar gaba ɗaya, kuma su ke lanƙwasa dirka ko su fizge noti daga bango. Shi ya sa labule da ƙugiya ake rataya shi, don a iya sauke shi cikin minti ɗaya idan gabas ta yi baƙi. Kuma da an ji tsawa a ajiye sanda a shiga ciki.

A hunturu ƙura ce. Tana shiga zare tana goge shi daga ciki duk lokacin da ragar ta motsa. A kakkaɓe ta, a wanke da ruwa zalla lokaci-lokaci, ban da bilic. Ƙwallayen ma a goge su, domin ƙwallo mai yashi ko wadda ta karce kamar takardar goge katako take a jikin zare.

Awaki na tauna raga, ɓeraye kuma na cin wadda aka naɗe aka jefa a sito. A ajiye ta a busasshe, cikin durom mai murfi ko a rataye.

Ragar da ake sayarwa a jaka, mai sandunan lanƙwasa, tana da kyau?

Ga mai haya ko mai yawan tafiya, e. Yawancinsu ƙafa 10 ne a faɗi, bakwai a tsayi, don haka a matso zuwa ƙafa shida ko bakwai kuma a bar wej mai tayar da ƙwallo sama sosai. A danne ƙafafunta da buhunan yashi huɗu, a ƙara mata labule, a naɗe ta bayan an gama. Masu arha zarensu siriri ne, kada a amince musu da direba sai da wata raga ko doguwar katanga a baya.

Tunda ba na ganin inda ƙwallo ta sauka, ta yaya zan san bugun ya yi kyau?

Wannan shi ne babban aibin raga, kuma tabarma na ƙara shi: idan sanda ta sauka kafin ƙwallo, a fili bugun ya mutu, a tabarma kuwa sandar na zamewa ta kai ga ƙwallon, ka ji kamar ka yi daidai. Mutum na iya wata uku yana ƙarfafa kuskure.

Akwai dabaru marasa tsada. A shimfiɗa ƙaramin tawul inci huɗu bayan ƙwallon. Idan ya tashi, sandar ta sauka da wuri. A shafa hoda ko alli a fuskar sanda, tambarin ƙwallon zai nuna ko tsakiya ta sama, ko baki, ko kusa da wuya. A rataya ƙyalle mai faɗin tafin hannu a tsakiyar labule daga sama zuwa ƙasa, a ajiye sanda ɗaya a ƙasa tana kallonsa. Ɓangaren da ƙwallo ta fara bi yana nuna inda fuskar sanda ke kallo lokacin bugu. Sai wayar hannu: a kafa ta a tsayin ƙugu, sau ɗaya daga baya a layin raga, sau ɗaya daga gaba, a ɗauka da saurin hoto 120 ko 240 a daƙiƙa idan wayar na yi.

Ƙwallo 40 zuwa 60 da natsuwa sun isa zama ɗaya. A fara da wej da rabin bugu, a hau zuwa ayon mai lamba bakwai, direba a ƙarshe.

Idan zan sayi na'urar auna bugu daga baya, me zan tanada?

Wuri. Masu aiki da rada, irin su Garmin Approach R10, ana ajiye su ƙafa shida zuwa takwas bayan ƙwallo, kuma suna son ƙwallon ta yi tafiyar ƙafa takwas aƙalla kafin raga. Masu kamara, irin su SkyTrak, a gefen ƙwallo suke zama, ba su bukatar tsawo sosai, amma hasken rana kai-tsaye na dame su.

Yara fa? A tsakar gida ragar take.

Raga ba ta kare kowa daga sanda. Hatsarin da ya fi yawa a gida shi ne yaro ya zo ta baya ana juya sanda, mai bugu bai gan shi ba. A ja layi a ƙasa, ƙafa goma daga tabarma, kowa a gidan ya san ba a tsallake shi sai mai bugu ya juyo ya yi magana. A zaɓi lokacin da yara suke makaranta ko Islamiyya. Ba a bugu idan akwai mutum a bayan ragar, ko da a gefe yake wucewa. An gama, sanduna da ƙwallaye su koma ɗaki a kulle, domin yaron da ya ga babansa na yi zai gwada da ƙaninsa a tsaye kusa.

Maƙwabci kuma a gaya masa tun kafin a fara, a nuna masa ragar. Ƙarar direba tana tsallake katanga, don haka a bar ta bayan isha'i. Idan za a sa fitila, ta kasance sama da bayan mai bugu, ba kusa da raga ba.

Yaushe ake gyara, yaushe ake canzawa?

Duk mako a ɗaga labule a bi tsakiyar ragar da yatsu. Zare ɗaya ya tsinke, idanu biyu sun zama ɗaya, kuma ƙwallo na iya wucewa ta nan. Kada a sake bugu sai an ɗinke. A nan masuntan Kebbi suka fi kowa amfani: wanda ya saba ɗinkin homa da taru zai toshe ramin da ƙullin da ba ya zamewa, kuma shi ya fi dacewa ya ɗinka wa sabuwar raga igiya mai milimita takwas a duk bakinta tun farko, domin nauyi ya hau igiyar maimakon idanun raga. A kai masa zare irin na ragar, a ce ya wuce ramin da ido uku ta kowane gefe.

Faci yana da amfani ne idan zaren da ke kewaye yana da rai. A je kusurwar sama, inda rana ta fi duka kuma ƙwallo ba ta taɓa zuwa ba, a sa yatsu biyu a ido ɗaya a ja da ƙarfi. Idan ya tsinke, rana ta gama da ragar gaba ɗaya, a sauke ta a sa sabuwa.